Ƙarfe Uku da Minti Goma

A Tornio, cikin watan Yuni,
rana ba ta faɗuwa, sunkuyawa take yi ta miƙe.
Raakel ta saba, shekararta sittin da takwas.
Labule mai kauri ya ishe ta maganin rana.
Abin da ya gagare ta kwamfuta ce.

Takan rufe murfin da dare,
ta ga 'yar fitilar ta lumshe, ta mutu.
Haka aka ce ana yi:
na'ura ta tattara duk abin da ke kanta,
ta naɗe, ta cusa a rumbu,
ta kwanta kamar gaiwa a busasshen taɓo
har ranar da ruwa zai dawo.
Wannan kuwa ta ƙi.
Tsakar dare sai fanka ta hau huci,
haske ya tsiyayo ta ƙarƙashin ƙofa.
Gari ya waye batir ya ƙare, tebur da ɗumi.

Ta kira Veikko, ɗan maƙwabta,
mai shagon gyara a bakin gada.
Ya zo da keke, da jaka, da fito a baki.
Minti goma, in ji shi.

Ya fara da rumbu, ko ya cika
har barci ya rasa wurin shimfiɗa.
Akwai fili, har da saura.
Ya zare linzami, don wai girgizar tirela
takan motsa shi ya tayar da gida.
Ya zare firinta.
Ya hana katin intanet amsa sallamar dare.
Ya sabunta manhaja, ya goge fayil ɗin barci,
ya sa ta haƙa sabo.
Ya rufe. Fitila ta mutu.
Ya sha kofi, ya ci burodin kirfa biyu, ya tafi.

Da dare fanka ta yi huci.

Washegari ya dawo babu fito.
Wanda ya raina tsayuwar wata
ai sai ya hau ya gyara.
Bai taɓa ko waya ɗaya ba.
Ya buɗe baƙin allo mai farin rubutu,
ya tambaye ta gaba da gaba: wa ya tashe ki?
Amsa layi ɗaya: agogon ciki.
Ya duba kundi.
Jiya, uku da minti goma.
Shekaranjiya, uku da minti goma.
Haka har ɗaya ga wata, daga nan shiru.

Ya bi sawu cikin ayyukan da aka ɗaure wa lokaci.
Ga shi can ƙasa, sunansa kogi.
Daga Yuni zuwa ƙarshen Agusta, kullum,
a tashi, a ɗauko tsayin ruwa da sanyinsa.
Wanda ya kafa: Eelis.

Raakel ta ajiye tire a hankali.

Shekara ɗaya da wata huɗu ke nan da binne shi.
Bara ba ta iya ko kallon na'urar ba,
tana cikin kabad tare da fatsarsa.
Ta tuna yadda yakan zame daga bargo,
safa a hannu don kada katako ya yi ƙara,
ya duba lambobi, ya yanke shawara:
jirgi yau, ko a koma barci.
Ashe duk tsawon nan ta ɗauka
kifi ne ke kiransa.

Veikko ya ɗora yatsa a kan maɓalli.
Dannawa ɗaya ce, ya ce, ba ta ƙara tashi.
Bai dube ta ba.

Ta leƙa allo. Ruwa ya ragu da taƙi biyu tun jiya.
Da yau ya fita, ta ce.
Ta ɗauki kofin da yaron ya bari, ta juya shi.

Kar ka goge.
Mayar da shi ƙarfe bakwai.
Ni ban taɓa son asuba ba.